Abin da Kajin Kinue Ke Ci

Duk ƙauyen nan babu wanda bai ji abin da ya sami kajin Kinue a zafin bara ba, don mu nan ko kaza ce ta yi tari a bayan gida, kafin rana ta take an kai labarin gindin dutse. Ƙwai ne ya lalace. Ɓawon ya yi laushi har yakan fashe a hannu tun bai kai kwando ba, farin ya tsinke kamar ruwan wankin shinkafa, gwaiduwar kuwa da an fasa sai ta baje a kwano, ba ta da ƙarfin tsayuwa. A garin da ake fasa ɗanyen ƙwai a kan shinkafa mai zafi a karya kumallo da shi, wannan ba ƙaramin abin magana ba ne. Matar mai masaukin baƙi ta gindin dutse, wadda ta daɗe tana karɓar ƙwan Kinue, da kanta ta hawo da kwandon ta mayar, tana ta sunkuyawa tana ba da haƙuri, irin haƙurin nan da ya fi zagi ciwo.

Da malamar dabbobi ta ƙungiyar manoma ta zo, ko kallon ƙwan ba ta yi ba. Ta tsuguna a ɗakin kajin, ta sa tsinke ta tona kashinsu, ta yamutsa fuska.

"Inna, kajinki ba yunwa suke ji ba," in ji ta. "Hanjinsu ne ya gaji. Abinci na shiga yana wucewa, bai zama jiki ba balle ya zama ɓawo."

"To allura za ki yi musu?"

"Wace allura? Natto za ki ba su."

Kinue ta ɗauka ba'a ce. Natto dai natto, waken soyan nan mai yauƙi da warin daddawa da mutane ke ci da safe? Malamar ta ce shi fa. Ta ce cikin kaza cike yake da 'yan ƙwayoyin da ido ba ya gani, wasu na gyara wasu na ɓarna, a kajin Kinue kuwa masu ɓarnar ne suka yi rinjaye. Ƙwayar da ke mai da wake natto tana cikin masu gyara, in ta zauna a hanji sai ta kori 'yan iskan.

"Kin san abin da ya sa na fi yarda da ita?" in ji malamar tana wanke hannu. "Taurin kai. Ki tafasa ta, tana nan. Ki shanya ta a rana, tana nan. Shi ya sa take ratsa cikin kaza da ranta."

Haka Kinue ta soma. Takan dama ƙunshin natto a ruwan ɗumi, ta kwaɓa da dusar shinkafa a wani babban bahon katako, ta rufe da buhu. Kafin gari ya waye dusar ta ɗauki zafi ta tashi, sai ta zura hannu har gwiwa ta juya ta, ta ɗiba ta gauraya da abincin kajin. Kafin a yanke shinkafa warin ɗakin kajin ya ragu, kashinsu ya daskare, suka daina figar juna. Ɓawo ya yi tauri sai an buga shi sau biyu a bakin kwano. Farin ya tattaru ya yi tudu, gwaiduwa ta hau kai ta yi zamanta, har kana iya ɗaga ta da yatsu ba ta fashe ba. Matar masaukin ta sake hawowa, ta sake sunkuye-sunkuyenta, amma wannan karon da kwando babu komai ciki, ta zo karɓar ƙwai.

Mata suka soma tambaya, "Wai me kike ba su ne?"

"Kulawa ce kawai," in ji Kinue, ta kuma ja bahon ta kai shi can ƙuryar rumfa, bayan buhunan dusa.

Ba mugunta ba ce. Mace ce da ta haura shekara talatin a ƙauyen da ba a taɓa tambayarta yadda ake yin komai ba, yau ga shi ana tambaya. Ta ji daɗin abin, ta so ta ɗan ƙara riƙe shi a hannunta.

Don ita ba 'yar nan ba ce. Daga bakin teku Shigeji, ƙaramin ɗan gidan Kumagai, ya auro ta, kuma tun ranar da ta shigo sunanta Amarya. Ta haifi 'ya'ya, suka girma suka tafi birni, tana nan Amarya. Shigeji ya rasu, furfura ta cika mata kai, har yau Amarya. Babu wanda ya taɓa wulakanta ta, ban ce ba. Amma duk wanda ya zauna a ƙauye ya san akwai bambanci tsakanin wanda ake yi wa kirki da wanda ake yi wa faɗa don na gida ne.

Gidan Kumagai kuwa gidan koji ne. Kowane hunturu, idan dusar ƙanƙara ta rufe gonaki, matan ƙauye kan ɗauko sabuwar shinkafar gonarsu su kai wa Tokuichi, yayan marigayi Shigeji. Ya turara ta, ya barbaɗa mata iri, ya shigar da ita wani ɗaki mai ɗumi a bayan gida, ya yi ta renonta har ta lulluɓe da farar funfuna mai ƙamshi. Da wannan kojin kowane gida ke haɗa miso, wato daddawarmu ta miya, na shekara guda. Gidan da babu miso kuwa, ban san abin da za su kira miya ba.

Ɗakin ƙarami ne, ƙofarsa gajera sai an sunkuya, bango da rufi duk katako ne da mahaifin Tokuichi ya kafa da hannunsa. Ba kowa ke shiga ba. Uwar gidan ta shiga a zamaninta, matar Tokuichi ta shiga bayanta. Kinue aikinta wankin shinkafa a bakin famfo cikin sanyi, da hura wuta, da kai shayi ta ajiye a bakin ƙofar ta koma. Sau da yawa takan ɗan jinkirta a wurin don ta shaƙi ɗumin da ke fitowa ta ƙarƙashin ƙyauren.

Dokar ɗakin ɗaya ce, kowa ya tashi da ita: mai shiga ba ya cin natto. Ƙwayarsa ta fi ta koji ƙarfi, in ta sami ɗumin ɗakin to ta cinye shi. Shi Tokuichi tun yana saurayi ya haramta wa kansa, zafi da sanyi. Ko a kanti ya hangi inda ake jera shi, sai ya sake layi kamar ya ga wanda ba sa ga maciji.

To bara, da furanni suka buɗe, matar Tokuichi ta rasu. Da aka gama kaka, ran nan Kinue ta kai masa ƙwai kamar yadda ta saba, ta juya za ta tafi.

"Amarya."

"Na'am, Yaya."

"Bana hannuna biyu ne kawai. Ba za su isa ba." Ya dubi tafukan hannun, kamar su ne suka yi masa laifi. "Ki bar cin abin nan tun yanzu. In ƙanƙara ta sauka, tare za mu shiga."

Ta sunkuya ta yi godiya, ba ta yarda ta ɗago ba don kada ya ga fuskarta. Da ta isa gida ko takalmi ba ta jera ba, ta wuce gaban hoton mijinta, ta kunna masa turare, ta ce, "Ka ji, kai? Yayanka ya ce in shiga." Ta zauna tana murmushi ita kaɗai kamar yarinyar da aka yi wa sabon ɗinki.

Ci kam ta daina ci, tun a ranar. Sai dai kaji ba su san an yi wata doka ba. Gari na wayewa suna bakin waya suna kuka, bahon na ƙurya yana jiran hannu.

Kada wani ya ce abin bai zo mata a rai ba. Ya zo, kuma ba sau ɗaya ba. Ta yi tunanin ta dakatar da dusar har hunturu ya wuce, sai ta tuna matar masaukin da sunkuyonta, ta ji ba za ta iya sake ganin wannan kwandon ya dawo ba. Ta yi tunanin ta gaya wa Tokuichi, sai ta ji a kunnenta abin da zai ce: to ba komai, ki ji da kajinki, na nemi Yasuno. Yasuno 'yar baffansa, mai bakin da ba ya rufuwa, wadda aka haifa a nan. Daga nan sai Kinue ta samo wa kanta wata 'yar ƙofa ta bi: cewa aka yi kada a ci. Shekara da shekaru abin da ake faɗa ke nan, kada a ci. Ita ci ta yi? Kaji ne ke ci. Mutum in yana son abu, babu lauyan da ya kai zuciyarsa iya magana.

Ranar shiga ta ciyar da kajin da sassafe, sannan ta goge hannuwanta da sabulu har fatar ta yi ja, ta yanke farce, ta wanke kai, ta sa fararen kayan da ba ta taɓa sawa ba. Da ta tsaya gaban gajeriyar ƙofar, muryar malamar dabbobi ta faɗo mata sarai, kamar tana tsaye a bayanta. Ki tafasa ta, tana nan. Tokuichi ya riga ya shiga, ya riƙe mata ƙyauren, ɗumin na fita a banza.

"Shigo mana, kina sakar min sanyi."

Ta sunkuya ta shiga.

Ashe haka cikin yake. Katakon ya yi duhu don tsufa, yana ƙamshi, gumi na tsatsafo wa mutum tun bai taɓa komai ba. Shinkafar na shimfiɗe a kan farin ƙyalle, tururi na tashi a hankali. Tokuichi ya nuna mata yadda ake warware curin da ya dunƙule.

"Kada ki matse. Buɗe ta za ki yi, kamar kina tsefe kan jinjiri. Yauwa. Ki ji da bayan hannunki, in ta fi jikinki zafi da yawa ki baza ta."

Ta zura hannu har gwiwa, yadda ta saba a wani wurin. Suka yi ta juyawa. Can tsohon ya dubi hannunta ya ce, "Hannunki na da sauƙi. Ashe asararki muka yi ta yi a bakin famfo." Tunda take a gidan bai taɓa gaya mata magana mai daɗin wannan ba. Ta dawo gida ta maimaita wa hoton Shigeji har sau biyu.

Ranar da ya kamata a fitar da kojin, suka je da safe. Ɗakin da koji ya nuna, tun daga bakin ƙofa yake tarbarka da ƙamshi mai zaƙi, kamar na gasasshen dankali. Tokuichi bai gama buɗe ƙyauren ba Kinue ta gane abin da ya fito. Ta san warin nan fiye da kowa a ƙauyen. Warin bahonta ne.

Tsohon ya shiga, ya yaye ƙyallen, ya sa hannu ya ɗago. Zaren yauƙi ya biyo yatsunsa, siriri, yana ƙyalli a hasken fitila. Ya matsa ya taɓa ta gidan Yasuno, haka. Ya taɓa ta maƙwabtanta, haka. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, alhali tun a ta farko ya san amsar. Kinue na tsaye a bayansa, hannuwanta a ɓoye cikin aljihun riga, tana jin kamar su ne ke warin.

"Je ki gida, Amarya," in ji shi, bai juyo ba. "Kajinki na jira."

Washegari da ta fito, ƙanƙara ta zuba sabuwa, fara fes. A kanta ga sawun manyan takalman roba, sun hawo daga hanya, sun zagaya bayan gida, sun shiga rumfa. Ta bi su. Sun tsaya daidai gaban bahon. Buhun da ta rufe shi da shi an ɗaga, an kuma mayar an daidaita, fiye da yadda ita take daidaitawa. Daga nan sawun ya juya ya koma inda ya fito, ko kusa da ƙofar ɗakinta bai bi ba.

Ta zauna a kan buhun dusa ta rufe fuska. Kunya ce ta kama ta, irin wadda ke sa mutum ya ji ƙeyarsa ta yi zafi ko da ba kowa a wurin. Da rana aka aiko cewa Tokuichi na kiran duk masu shinkafa. Ta ce a ranta gara haka. Zai faɗa, ta durƙusa, a yi mata abin da za a yi. Har ta shirya kalmomin a hanya.

Ɗakin baƙin gidan Kumagai ya cika da mata, kowa ta ji ƙishin-ƙishin, kowa fuska a ɗaure. Kinue ta rakuɓe kusa da ƙofa. Tokuichi ya shigo da tsohuwar rigarsa ta zuwa jana'iza, ya durƙusa, ya kafa hannu biyu a tabarma, ya kai goshinsa ƙasa. Ya daɗe a haka har mata suka soma duban juna.

"Shinkafarku ta lalace a hannuna," ya ce. "Duka. Ɗakin ma ya kamu, bana ba zai ƙara yin koji ba. Ina neman gafararku."

"Garin yaya?" in ji Yasuno. "Mu dai mun san wari muka ji tun daga hanya. Wa ya kai abin nan ɗakin?"

Kinue ta dafa tabarma za ta matso.

"Ni," in ji Tokuichi. "Natto na ci."

Sai Yasuno ta dafe ƙirji.

"Kai? Kai, Yaya Tokuichi? Kai da ka taɓa korar mijina daga tsakar gidan nan don ya yi gyatsa?"

"Tsufa ne, Yasuno. Mai dafa min ta tafi. Na shiga kanti, na gan shi a jere, zuciya ta raya min."

"Tabɗi! Ashe duk sake layin nan da kake yi, yawu kake haɗiya!"

Wata ta ƙyalƙyale, ta toshe baki, sai sauran suka biye mata. Fushin da suka shigo da shi ya narke ya koma shaƙiyanci. Wannan ta ce ƙunshi nawa ya tashi da shi, waccan ta ce ai da ya faɗa da an riƙa kai masa a ɓoye. Shi dai goshinsa na ƙasa. Tsohuwa ɗaya ce ba ta yi dariya ba, wadda ta san mahaifinsa. Ta jira hayaniyar ta lafa sannan ta ce, "Gara da babanka bai ga wannan rana ba." Kinue ta ga kafaɗun tsohon sun motsa kamar an tsikare shi.

"Ni..." in ji Kinue. Muryar ta fito 'yar siririya. "Ni ce..."

"Wayyo, Amarya, ke ce abin tausayi," Yasuno ta katse ta, ta miƙo hannu ta shafa mata baya. "Shekara da shekaru kina wankin shinkafa a sanyi kina jiran ki shiga, ranar da kika shiga tsoho ya yi miki kwaɗayi. Sannu kin ji."

"Sannu, Amarya," in ji sauran. "Sannu."

A nan ne Tokuichi ya ɗago. Ya dube ta ido cikin ido, kallon da bai wuce ƙiftawa ba.

"Amarya, shayin baƙi ya huce."

Ta tashi ta ɗauki butar. A madafa ta tsaya tana jin dariyarsu ta cikin bango, ta tsani kanta kamar ta mutu. An ba ta ƙofa ta fita, ta kuwa bi.

Abin da ya biyo baya ya fi taron muni. Mata suka sauka gari suka sayo kojin kamfani a leda, suna haɗa miso suna mita. Tokuichi ya sami sabon suna, Tsoho Mai Yauƙi, har a tashar mota ana faɗa. Wasu masu neman magana suka riƙa ajiye masa ƙunshin natto a ƙofar gida da safe. Ita kuwa Kinue duk inda ta bi sai sannu, har da masu kawo mata tsaraba don su rage mata baƙin ciki. Kowace sannu kamar an watsa mata ruwan zafi. Abinci ya daina shiga. Ta daina tsayawa gaban hoton Shigeji, takan kunna turaren ne kanta a sunkuye ta wuce. Kajin kuma, marasa kunya, a tsakiyar sanyin nan suka yi ta zuba ƙwai irin wanda ba su taɓa yi ba, manya, masu nauyi, sai ta ɗauka ta ji kamar ta jefar.

Ran nan dai ta kasa jurewa. Ta cika kwando ta sauka gidan Kumagai da yamma, rana na shirin faɗawa bayan dutse. Tun daga ƙofa ta hangi tulin katako a tsakar gida, baƙaƙe, da ramukan ƙusa a jikinsu. Ya ɓamɓare ɗakin kaf, shi kaɗai. Katakon mahaifinsa ne a zube cikin ƙanƙara yana jiran wuta.

Shi yana zaune a baranda da kwanon shinkafa a hannu. Sai da ta matso ta ga abin da ke kai: natto. Yana ɗagowa da 'yan sandunan ci, zaren na bin bakinsa, yana yamutsa fuska kamar mai shan maɗaci.

"Yaya! Me kake ci?"

"Abin da aka kawo min." Ya haɗiye da ƙyar. "Na ce na ci. Ban taɓa yi wa matan nan ƙarya ba, ba na so in mutu da ita a wuya. To ga shi ina mai da ita gaskiya, kaɗan-kaɗan. Kai, mutane dai ba su da hankali. Wannan abin suke yi wa layi?"

Kinue ta ajiye kwandon, ta zube a kan ƙanƙarar gaban barandar, ta kai goshinta ƙasa.

"Yaya, ni ce."

"Na sani. Na ga bahon."

"Na san abin da ke hannuna kuma na shiga. Ba mantuwa na yi ba."

"Wannan ma na sani. Tashi, gwiwarki ba ta yarinya ba ce."

Ba ta tashi ba. "Gobe zan bi gida-gida in faɗa."

"Ki faɗi me? Cewa Tokuichi ya durƙusa gaban mata ya shirga ƙarya?" Ya ajiye kwanon. "Yanzu mai kwaɗayi suke ce min. Wannan ina iya ɗauka. A nan aka yanke min cibiya, duk abin da na yi nasu ne, za su yi dariya su gaji. Ke fa? 'Yar bakin teku ta kashe misonsu, ta zauna ana yi mata sannu. Ko kin mutu sai an gaya wa jikokin ƙanina. Ba don ke kaɗai na yi ba. Ki riƙe bakinki, abin da na roƙe ki ke nan."

Ta yi kuka, ba na tausayin kai ba, na wanda aka hana shi ko da hukunci. Ya bar ta ta yi mai isarta.

"Da kin gaya min tun kaka," ya ce a hankali, "da na ce ki ji da kajinki, in nemi Yasuno. Shi ke nan fa."

"Abin da na ji tsoro ke nan."

"Na sani."

Ya dubi kwanon ya dubi kwandon. "Miƙo min ƙwai ɗaya, ko abin nan zai wuce."

Ta miƙa masa da hannu biyu. Ya buga a bakin kwano, bai fashe ba, ya sake bugawa. Gwaiduwar ta sauka ta zauna a kan shinkafar, ja, a tsaye. Ya daɗe yana kallonta, irin kallon mai sana'a in ya ga aikin da ya yi kyau.

"Ƙwai kam ya yi," ya ce.

"Zan daina ba su. Zan ƙone bahon, in haɗa da katakon nan."

"Ki kashe ƙwai kuma bayan koji? Ƙauye ɗaya ba zai rasa biyu ba. Kada ki daina."

Ya gauraya, ya ci, wannan karon bai yamutsa fuska sosai ba. Kinue ta dubi ƙaramar ƙofar da ke bayan gida, a buɗe, babu komai ciki sai ginshiƙai. Ta san ba ta da bakin tambaya, amma maganar ta suɓuce.

"In an kafa sabon katako, baɗi..."

"Baɗi Yasuno za ta shiga. Za ta cika min kunne, na haƙura." Ya share baki da bayan hannu. "Abin nan ba ya barin jikin mai juya shi kullum, Amarya. Ke kin fi ni sani. In ƙanƙara ta narke kafinta zai zo. Daga ranar, ki riƙa ajiye kwandon a ƙofar waje, zan fito in ɗauka."

Babu faɗa a muryarsa. Da ma da faɗa ne, da ta ji sauƙi. Ta sunkuya, ta ce, "To, Yaya," ta juye masa ƙwan a faranti, ta ɗauki kwandonta.

Ba ta jira kafinta ba. Da ƙwai ya sake taruwa ta sauko da safe, ta tsaya a ƙofar waje, wadda masu kawo wasiƙa da baƙi ke tsayawa. Ta share ƙanƙarar da ke kan dutsen gefen ƙofar da hannun rigarta, ta ɗora kwandon, ta lulluɓe shi da ƙyalle don kada sanyi ya fasa ƙwan. Daga ciki tana jin ƙarar katako na cin wuta. Ta ƙwanƙwasa sau ɗaya, ta juya ta kama hanyar tudu, don lokacin juya dusa ya yi.